Kunun zakin da ya kwana ya zama giya?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisarmu ta Jekadafari wani ya kafe cewa duk kunun zakin da ya kwana ɗan'uwan burkutu ne, shansa haramun. Ni kam na fara yarda, tunda hatsin ɗaya ne, dawa ko gero, kuma duka jiƙawa ake yi a bari su yi tsami.

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Wanda ya faɗi haka bai taɓa leƙa madafi ba. Ai kunun zaki dama sai ya kwana. Ƙullin ake rabawa biyu, a dama rabi da tafasasshen ruwa, in ya sha iska a juye ɗanyen a ciki a rufe, da asuba a tace a sa sukari. In kwanan ne laifi, duk kunun da ake sayarwa a Tashar Dukku giya ne ke nan.

Malamin Kimiyya: Hajiya ta yi gaskiya. Tsami daban, barasa daban. Tsamin kunu aikin bakteriya ne, irin waɗanda ke mai da madara kindirmo. Barasa kuwa yis ke yin ta: ya ci sukari, ya fitar da barasa da iska.

Ɗan Billiri: Ni a unguwarmu ake dafa burkutu, ina gani tun ina yaro. Sai an jiƙa dawa, an shimfiɗa ta an lulluɓe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. A dafa a manyan tukwane, a bari ya yi tsami, a sake dafawa, sannan in ya huce a zuba ragowar tsohuwar burkutu don ta tayar da shi. Aikin kwanaki ne da itace mai yawa. Babu matar da za ta dama kunu ta wayi gari da burkutu bisa kuskure.

Auta: Amma Yaya, Innarmu tana sa tsiron shinkafa a kununta fa.

Malamin Kimiyya: Nan ne maganar take da ɗan ƙamshin gaskiya. Tsiro yana narkar da sitacin hatsi ya koma sukari, shi ya sa kunun Inna ke zaƙi tun kafin a ƙara masa komai, kuma dalilin da masu giya a duk duniya ke tsirar da hatsi ke nan. Yis kuma ba sai an sayo ba, yana jikin hatsin da ƙwaryar. To ɗura kunu mai sukari a roba, toshe, ajiye shi a zafin Gombe na watan Maris da ke kai maki 40, babu wuta babu ƙanƙara. In robar ta kumbura, ka buɗe ta yi tsiii da kumfa, yis ya kama aiki.

Baban Khalifa: Yauwa! Kun ji da bakin Malam. Kuma abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Alaramma: Hadisin ingantacce ne, Alhaji, amma ka sake duba shi. Sharaɗin shi ne mai yawansa ya sa maye. Wa ka taɓa gani ya shanye jarkar kunun safe yana tangaɗi? Sannan Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha ranar, da washegari, har yammacin rana ta uku, abin da ya rage ya sa a shayar ko a zubar. Kwana bai haramta shi ba. Canzawarsa ake tsoro.

Baban Khalifa: Allah gafarta Malam, yaya talaka zai gane ya canza? Ba mu da na'urar awo.

Maman Hanan: Hancinka da harshenka mana. Wanda ya juya yana cizon harshe, warinsa ma ya ishe ka. Ni ko don cikin yara zubarwa nake. Kuma ku da kuka tasa kunu a gaba, zoɓon da aka sa wa abarba da sukari fal aka bari a rana ya fi ba ni tsoro.

Baban Khalifa: Ni dai na gidana daga yau in ya wuce la'asar a ba awaki.

Auta: Yaya, a riƙa aiko mini Pantami, ina da firji.