Neman kalmar Hausa: anti-inflammatoire da antioxydant

Mai gabatar da shiri, daga Garwa a Kamaru: Assalamu alaikum. Jibi zan yi shirin lafiya a rediyo kan zogale da zoɓo da kuka, takardar da likita ya ba ni kuwa da Faransanci take, kuma kalmomin nan biyu sun cika ta. Me zan ce wa masu saurare?

Ma'aikaciyar jinya, daga Marwa a Kamaru: Ta farko ka ce "mai kwantar da kumburi", amma ka bayyana cewa abin ya haɗa da ja da zafi da raɗaɗi, wani lokaci ma a hanji ko gaɓoɓi yake, inda ido ba ya kaiwa.

Malamin makaranta, daga Kuseri a Kamaru: Ta biyu kuwa "makarin tsatsa" ce, na daɗe ina koyar da ita. Iskar oksijin da ke sa ƙarfe tsatsa ita ce ke sa goro ya yi duhu bayan an fasa shi, kuma irin wannan ɓarna ce bitamin C na garin 'ya'yan kuka da sinadarin da ke ba zoɓo jan launi suke ragewa.

Ma'aikaciyar jinya: Allah gafarta Malam, wanda ya ji "makari" maganin guba ko sammu zai ɗauka, ina tsoron mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa ya koma kan zoɓo, alhali yawancin binciken da aka yi kan tsirran nan a kwalbar gwaji da jikin ɓeraye aka yi shi.

Dattijo, daga Injamena a Chadi: A bar ta "antioksidan" yadda muka karɓi bitamin da asfirin, ko a jira a ji abin da masana na Kano za su ce.

Malamin makaranta: Ranka ya daɗe, Hausarmu ba aro muka yi daga Kano ba da sai mun nemi izini. Da an bi maganarka, da rabin zancenmu ya zama Faransanci.

Dattijo: Malam, kai ma "oksijin" ka rubuta ɗazu.

Mai gabatar da shiri: Iyayena, a yi haƙuri. Na ɗauki ta Hajiya ma'aikaciyar jinya a kalmar farko. Ta biyu zan ce "antioksidan, wato sinadarin da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa", sannan in kawo misalin goro.

Malamin makaranta: Misalin dai nawa ne, kuma a ajina makarin tsatsa za ta ci gaba da zama.