Me za mu kira "roleplay" da Hausa? Shawarata: aron baki

1/ Jama'a, akwai wata kalmar Turanci da ke ba masu fassara wahala, ita ce roleplay. Ba wadda malami ke sa ɗalibai su yi a aji nake nufi ba. Ina nufin irin wadda masoya harkar sararin samaniya suke yi a intanet: mutum ya buɗe shafi da sunan wani kumbo, ko motar binciken da ke yawo a duniyar Mars, ya riƙa rubutu da "ni", kamar na'urar ce da kanta ke ba da labari. Ni dai na tsaya a kan "aron baki". Ga dalilaina, mai gyara ya gyara.

2/ Mu fara ganin abin tukuna. A watan Mayun 2008 kumbon Phoenix na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya sauka a arewacin Mars. Wata ma'aikaciyar sashen yaɗa labarai a JPL, cibiyar da ke kula da irin waɗannan kumbuna na NASA, Veronica McGregor, ita ta riƙa rubuta labarinsa a Twitter. A lokacin haruffa 140 kawai ake ba mutum, sai ta ga rubuta "ni" ya fi rubuta "kumbon" tsimin wuri. Dabarar ke nan tun farko, ba wata falsafa. Amma da mutane suka ga kumbo yana cewa yau na yi haƙa, yau na ga ƙanƙara, sai suka shiga amsa masa kamar wani ɗan uwa da ya tafi cirani. Da sanyi ya ci ƙarfinsa a watan Nuwamba, saƙon ƙarshe da aka sa a shafin kalmar nasara ce, an rubuta ta da sifili da ɗaya irin na kwamfuta.

3/ Daga nan abin ya bazu. Motar Yutu ta China, wadda sunanta ke nufin wani zomon tatsuniya da ke zaune a wata, ta sauka a kan wata a Disambar 2013. Cikin Janairu ta samu matsala dab da shigowar daren wata, wanda ke kai kwana 14 da sanyi mai kashe na'ura. Wani shafi a Weibo, dandalin sada zumunta na China, da ke magana da sunanta ya yi wa duniya sallama, dubban mutane suka yi ta yi mata fatan alheri, da ta farka a Fabrairu kuma aka yi ta murna.

Hukumar sararin samaniya ta Turai ma ta yi nata a 2014. Kumbon Rosetta da ƙaramin kumbon Philae da ya ɗauko, kowanne da shafinsa, suna hira da juna a bainar jama'a. Ranar 12 ga Nuwamba Philae ya sauka a kan tauraro mai wutsiya, ƙugiyoyinsa suka ƙi kamawa, ya yi tsalle ya faɗa inda rana ba ta kai wa sosai. Batirinsa bai wuce kimanin awa 60 ba. Labarin da a rahoton injiniyoyi lambobi ne zalla, a shafin ya zama yaro yana ce wa babarsa barci yake ji.

Waɗannan na hukuma ne ko kusa da hukuma. Na 'yan sa-kai sun fi yawa, har da wanda aka buɗe a 2012 da sunan motar Curiosity da NASA ta aika Mars, ba ya komai sai baƙar magana da ƙorafin an jefar da shi cikin duwatsu shi kaɗai.

4/ Wani zai ce ai muna da kalma, mutuntarwa. Gaskiya ne, duk wanda ya yi nazarin adon harshe a makaranta ya san ta, tare da dabbantarwa da abuntarwa. Kuma ta dace da ɓangaren zane. Kumbon Hayabusa na Japan ya tashi a 2003 zuwa wani dutsen sama mai suna Itokawa. Mai ya zube masa, ya ɓace makonni ba a jin ɗuriyarsa, injinansa suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, amma ya lallaɓo ya dawo ranar 13 ga Yunin 2010, ya saki kwanson da ke ɗauke da ƙurar dutsen a hamadar Ostireliya, shi kuma ya ƙone a iska. Masu zane a Japan suka riƙa zana shi a siffar yarinya mai ɗaure da bandeji, fukafukan hasken rana a bayanta. Wannan mutuntarwa ce, ba gardama.

Sai dai mutuntarwa ta tsaya ne a kan ba abu siffar mutum. Ba ta faɗi cewa akwai wani zaune da waya a hannu, kullum yana amsa tambayoyi a madadin abin, ba ya fita daga halin da ya ɗauka. Wannan aikin muke nema wa suna.

5/ Wasan kwaikwayo shi ne abin da ke fara zuwa bakin kowa, kuma shi na fara jefarwa. Kwaikwayo yana buƙatar abin da aka gani ko aka ji, sannan a maimaita. To wa ya taɓa jin muryar Philae balle ya kwaikwaye ta? Ban da haka, da ka ce wasan kwaikwayo, Bahaushe zai hango dandamali, ko fim, da rubutaccen labari mai farko da ƙarshe. Mai riƙe da shafin kumbo bai san abin da gobe za ta kawo ba. Abin da injiniyoyi suka sanar da safe, shi zai juya ya faɗa da rana.

6/ Na ga masu kawo tashe da kalankuwa. Ina son wannan tunanin, musamman kalankuwa, inda samari ke naɗa gwamnansu da alƙalinsu bayan kaka, kowa ya riƙe muƙaminsa har a tashi, ba tare da an rubuta wa kowa abin faɗa ba. Kusancin yana nan. Amma kalmomin biyu sun riga sun auri lokacinsu: tashe na azumi ne daga goma ga wata, kalankuwa ta kaka ce. Ka ce wani yana tashen kumbo, za a ɗauka kumbon ne ake yayi.

Shigar burtu kuma ba ta yi ba ko kaɗan. Maharbi yana ɗaura kan burtu a goshi ne don dabba ta ruɗu. A nan ba wanda ake son ya ruɗu, kowa ya san mutum ne ke rubutun.

Wanda ya kawo maganar hawan bori, Malam, na fahimci inda ka dosa, amma ka duba: a can iska ce ake cewa ta hau doki ta yi magana da bakinsa. Nan mutum ne ya hau na'ura. Ko ba don wannan ba, kalmar za ta jawo mana rigimar da ba ita ta tara mu ba.

'Yan fim suna cewa "rol", ya zauna a bakinsu, ba na faɗa da shi. Amma gwada gina jimla da "rolfile" ka ji yadda take tsaya maka a wuya.

7/ To me ya sa aron baki? Na farko, ba ni na ƙirƙiro ginin ba. Muna da shi tuntuni a cikin "kada ka ari bakina ka ci mini albasa". Wanda bai taɓa jin kalmar kumbo ba ma, ka ce masa wane ya ari bakin abu kaza, ya gane nan take cewa maganar tasa ce amma da sunan wani yake yin ta.

Na biyu, kalmar aro tana ɗauke da sharuɗɗanta. Abin aro ba naka ba ne, na ɗan lokaci ne, kuma an san mai shi.

Na san ƙorafin da zai biyo baya: karin maganar zargi ce, ana faɗarta ne ga wanda ya ƙaƙaba wa wani zancen da bai yi ba. Haka ne. Amma laifin yana wurin albasar, ba wurin aron ba. Mu yanke rabin da muke so. Kuma ni a ganina ɗan warin zargin da ya rage ma yana da amfani, ga dalili.

8/ Motar Opportunity ta sauka Mars a Janairun 2004. Kwana 90 aka tsara za ta yi, ta yi fiye da shekara 14, ta ci tafiyar kilomita 45. A Yunin 2018 guguwar ƙura ta lulluɓe duniyar, hasken rana ya daina isa faifan da ke ba ta wutar lantarki, ranar 10 ga watan ta aiko da saƙon ƙarshe. NASA ta yi ta kira ba amsa, sai ranar 13 ga Fabrairun 2019 ta sanar an haƙura.

A makon da aka yi wannan sanarwar wata jimla ta karaɗe intanet, wai kalaman motar na ƙarshe: batirina ya yi ƙasa, ga duhu yana shigowa. Aka zana ta tana durƙushe cikin ƙura, aka buga jimlar a riguna, wasu har suka zana ta a fatar jikinsu. Alhali motar ba ta faɗi haka ba. Abin da ta aiko lambobi ne, na ƙarfin wuta da na kaurin ƙurar da ke sama. Wani ɗan jarida a Kalifoniya, Jacob Margolis, shi ya taƙaita bayanin da masana suka yi masa da wannan salon, daga baya kuma ya fito ya fayyace cewa kalamansa ne.

Da a ce kanun labarin ya ce "an ari bakin Opportunity", da ba wanda zai ɗauka na'urar ce ta yi magana. "Wasan kwaikwayo" ba zai iya wannan aikin ba, "mutuntarwa" ma haka.

9/ Ga yadda take juyawa a jimla, don kalmar da ba ta juyawa ba ta daɗewa:

Ta ari bakin Curiosity tana ba yara labarin duwatsun Mars. Shafin aron baki ne, ba na NASA ba. Masu aron baki sun cika wurin tun da aka harba kumbon. Malam, ajiye bakin aron, tambayar gaske nake yi maka.

Ta ƙarshen nan ta fi burge ni, domin masu wannan harka suna da buƙatar hanyar cewa yanzu na fita daga wasan, ni ne da kaina ke magana.

10/ Inda na san za a ja da ni shi ne wasan taro, irin wanda mutum goma za su haɗu a manhajar hira ta Discord, wannan kyaftin, wannan injiniya, wannan likitan jirgi, su yi watanni suna tafiyar da ba ta wanzu ba. A can ba bakin wata sananniyar na'ura aka ara ba, mutanen ƙirƙira ne. Duk da haka ina ganin "wasan aron baki" ya ɗauke shi. Wanda kuma ya ɗinka farar rigar 'yan sama jannati ya sa kwalkwali ya je taron masoya, bai ce uffan ba, wannan ba baki ya ara ba. Na so in ce "aron shiga", amma kunnena bai gama amincewa ba, tana kama da mai zuwa biki da babbar rigar maƙwabci. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, in akwai abin da kuke ce wa wannan, ku kawo shi.