Ɗaki ɗaya ga ƙanana da samari da ƴan mata: yaya za mu tsara wurin canja kaya a filin ƙwallo?

Sakataren kulob, Garin Malam:

Assalamu alaikum. Kulob ɗinmu na unguwa ya samu aron ɗaki a gefen fili, tsohon ɗakin ajiya ne na lekol, mita 4 a kan 5, ƙofa ɗaya ta ƙarfe da taga ɗaya mai kallon hanya. Muna da ƙanana ƴan shekara 9 zuwa 12, da samari ƴan 15 zuwa 17, ga ƴan mata kuma sun fara zuwa Laraba da Asabar. Iyaye sun rabu biyu. Wasu na son babba ya zauna ciki saboda faɗa da sata, wasu sun ce ba babban da zai ga tsiraicin ɗansu. Masu sani, me ake yi?

Mai horar da ƙanana:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, kuma ana iya biya musu bukata a lokaci guda. Babba ya tsaya inda kunnensa ke ciki amma idonsa na waje, wato bakin ƙofa, ƙofar a buɗe kamar taki ɗaya, da labule ko katanga ta kwana a bayanta. Kuma kada ya zama shi kaɗai. Mutum biyu kullum, jinsinsu ɗaya da yaran da ke ciki, ɗaya daga kulob ɗaya daga iyaye, a riƙa juyi kowane mako. Wannan yana kare yaro, yana kuma kare mai horarwa daga zargin da ba shi da shaidar da za ta wanke shi. In dole a shiga, a ƙwanƙwasa, a faɗi suna da ƙarfi, a jira a amsa, su shiga su biyu, su fito da zarar abin ya wuce. Mai horarwa ba ya canja kaya ko wanka tare da yara, ko da kuwa ɗansa na cikinsu.

Abin da kulob da yawa ke mantawa shi ne samari. Hankali duk yana kan manya, alhali ɗan shekara 16 da ɗan shekara 10 a ɗaki ɗaya ba ido, nan ne ake zare wa yaro wando ana dariya, ana kiran abin wasa, yaron kuma ya daina zuwa bai faɗa wa kowa dalili ba. Ku raba su da agogo. Ƙanana su shiga ƙarfe 4 su fito 4 da minti 15, a leƙa a tabbatar ba kowa, a bar minti 10, sannan samari. Bayan wasa ƙanana ne za su fara, a sallame su kafin magariba. Wanda ya makara ya jira zagayen rukuninsa a waje. Yaron da ya ga dama ya zo da rigar wasa a jikinsa daga gida, a bar shi, kada a tambaye shi dalili.

Kafinta daga Zango:

Ɗakin ya isa in an yi lissafi. A jikin bangon mita 5 za a fitar da lungu huɗu, kowanne faɗin mita 1 da zurfin mita 1, sauran mita ɗayan ya zama kwanar shiga. Falan filawud tsawonsa mita 2,44 ne faɗinsa 1,22, don haka fala ɗaya na raba lungu ɗaya har da rara. Saman katangar ya kai mita 1,80 daga ƙasa, a bar santimita 15 zuwa 20 a ƙasanta. Wannan ratar tana da aiki biyu: mai tsaro na ganin ƙafafu, ya san mutum ɗaya ne a ciki ba biyu ba, kuma ruwan shara ba ya taɓa katakon balle gara ta samu hanya. In kuɗi bai kai ba, zana mai ninki biyu a kan firam na ƙarfe ta wadatar. Ninki ɗaya ba ya rufe komai, haske na bayansa ake ganin mutum.

Labule ya fi ƙofa a lungun, amma ya zarce faɗin da santimita 20 kowane gefe, a ɗinka masa ƙarfe ko tsakuwa a gindi, in ba haka ba iskar hunturu za ta yi ta ɗaga shi. Tagar nan mai kallon hanya kada ku toshe ta gaba ɗaya. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Damagaram ya haura digiri 40, ɗakin kwano mara iska sai ya sumar da yaro da ya fito daga gudu. A gine ƙasanta har mita 1,80, a sa bulo mai huda a sama. Sannan a cire sakatar ciki ta babbar ƙofa. Kwaɗo daga waje kawai, idan ba kowa, mabuɗi kuma a hannun mutum biyu da aka rubuta sunansu.

Malama mai kula da ƴan mata:

Malam kafinta, a kan sakata ban bi ka duka ba. Ranar ƴan mata, ƙofar da kowa zai iya turawa ba za ta ba uwa kwanciyar hankali ba, kuma ba za ta sake turo ƴarta ba. Ko dai mata biyu su zauna bakin ƙofa daga farko har ƙarshe, ko a sa irin makullin da ake buɗewa daga waje da kuɗin ƙarfe. A ajiye musu bokiti mai murfi da buta da bido ɗaya na ruwa na daban, domin yarinya mai al'ada ba za ta fito ta roƙi ruwa a gaban maza ba.

Sai salula, wadda ta fi taga haɗari. Akwati ɗaya a bakin ƙofa, kowa ya ajiye tasa kafin ya shiga, har manya. Hoto ɗaya da aka ɗauka da sunan raha, kafin isha ya zaga rukunonin WhatsApp na fadojin samari uku, kuma ba mai iya dawo da shi. Dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta hukunta hotunan batsa na yara, kuma mai yaɗawa yana ciki, ba mai ɗauka kaɗai ba. Don haka wanda hoton ya faɗo wa kada ya tura wa shugaban kulob wai don ya gani. Ya riƙe wayar yadda take ya kai wa ƴan sanda.

Iyayen da ke ganin wannan tsari baƙon abu ne, a tuna musu aya ta 58 a Suratun Nur kan neman izini kafin shiga a lokutan da ake tuɓe tufafi, da hadisin raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma. Wannan na biyun ya shafi tafiya ma. In an je gasa Mirya ko Magarya aka kwana a aji, kowane yaro da tabarmarsa, manya a wani aji kusa ko a baranda.

Ma'aikacin jinya:

Abu biyu da ake yi a filayenmu a daina. Na farko, tuɓe yaro don a gane shekarunsa idan an yi gardama kafin wasa. Gashin jiki ba ya nuna shekara, wani na balaga a 11 wani sai 15, kuma wulaƙanci ne. Takardar haihuwa ake dubawa, ko ta kotu ga wanda ba a yi wa rajista da wuri ba. FIFA kanta hoton MRI na wuyan hannu, wato hoton asibiti mai nuna girman ƙashi, take amfani da shi wajen tantance shekaru tun gasar ƴan ƙasa da shekara 17 ta 2009 a Nijeriya. Na biyu, tausa. Ciwo daga gwiwa zuwa ƙasa a duba shi a fili, kowa na gani. In a cinya ne ko mara ko ƙirji, a kira iyaye a tafi asibiti, ba aikin mai horarwa ba ne.

Sakataren kulob, Garin Malam:

Allah ya saka da alheri. To in yaro ya zo ya ce wani ya taɓa shi, kuma wanda ya ambata mutum ne da ake ganin girmansa a unguwa fa?

Ma'aikacin jinya:

Ka saurare shi, kada ka yi masa tambayoyin da ke sa masa magana a baki, kada kuma ka yi alkawarin ba wanda zai ji. Ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci. Wanda aka ambata a nisanta shi da yara tun ranar, ba tare da shela ba, kuma kada a haɗa su gaba da gaba don a ji ta bakin kowa, domin yaro zai janye maganarsa ne kawai. A sanar da iyaye, sai in cikin gidan ne abin ya fito. A kai maganar ga ƴan sanda masu kula da lamarin yara ko ofishin kare yara na jiha, kada a tsaya ga zaman sulhu a zauren mai unguwa, inda ake rufa wa babba asiri ya koma wani kulob. In abin ya kai ga fyaɗe, asibiti ne farko, kafin wanka in zai yiwu, kayan da ke jikinsa a naɗe su a takarda ba a leda ba. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana sha kwana 28.