Wa ya taɓa ganin gudu ya koma tsayi da idonsa?

Malamar Fiziks: Assalamu alaikum. Mako mai zuwa zan shiga darasin jifa da 'yan SS2. Sun haddace mgh (lissafin ƙarfin tsayi) da ½mv² (lissafin ƙarfin gudu) tsaf, amma ba sa yarda cewa ƙarfi ɗaya ne ke komawa daga gudu zuwa tsayi, ya sake dawowa gudu. Wanda ya taɓa gani a aikace ya ba mu labari.

Magini: Wa alaikumus salam Malama. Mu lissafin bai dame mu ba, amma kullum a cikinsa muke. Ina kan bango, yaro na ƙasa yana cillo mini tubali. Gwani yakan auna hannunsa yadda gudun tubalin zai ƙare daidai ƙirjina, ya ɗan dakata a iska, in cafe shi tafin hannuna ko zafi bai ji ba. Sabon shiga kuwa sai ya zage ƙarfi, tubali ya wuce kaina. In na kuskure shi, da gudun da ya bar hannunsa zai komo masa. Shi ya sa muke cewa ka cilla ka kauce.

Ɗan aji shida: Mu abin da ya ɗaure mana kai a aji shi ne gini mai tsayin mita 15. A jefa dutse uku daga samansa da gudun mita 10 a daƙiƙa: ɗaya sama, ɗaya miƙe, ɗaya ƙasa. Kowa ya rantse na ƙasan zai fi buguwa. Da muka ɗauki g, wato jan ƙasa, a 10, duka ukun suka bugi ƙasa da gudun mita 20 a daƙiƙa. Lokacin saukarsu ne kawai ya bambanta.

Gola: Baba magini, naka yana dakatawa ne don sama sak ake cillawa. Ƙwallon da na bugo a karkace ko ta kai ƙololuwa gaba take ci, gudun gefen nan bai taɓa ƙarewa ba. Kuma Malama, ki faɗa musu batun iska. Da hunturu in na buga ina fuskantar iska, da ƙyar take kai tsakiyar fili.

Malamar Fiziks: Haka ne, iska tana cin rabonta, ya koma ɗumi da ƙara, lissafin littafi kuma cire ta yake yi. Baba, za ka iya aro mana yaron nan naka ranar Talata? Tubali biyar sun isa.

Magini: In ba ma zubin kankaren rufi ba, ni da kaina zan kawo shi.