Neman shawara: in juya ekaran a tsaye don wasan tuƙin jirgin ƙasa?

Ɗan Yantala: Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nike nema. Ina wasan tuƙin jirgin ƙasa a ordinate, Train Sim World da Open Rails, to matsalar in na zamna kujerar direba ban iya ganin hanya da burki lokaci guda, in na duƙar da kamara in dubi agogon gudu sai sinyal ta wuce ni, jiya haka na tsallake jar wuta bayan tuƙin awa guda cur, wasa ya kore ni, kamar in yi kuka wallahi. Ekaran ɗina inci 24 ne, akwai kuma wani tsoho da yayana ya bar min. In na juya mai inci 24 ɗin a tsaye ba zan ga sama da ƙasa duka ba?

Mai gyara, Katako: Wa alaikum salam ƙanena. Juyawa ba wuya, ka shiga parametir na Windows wajen afishaj ka zaɓi portrait, sai 1920x1080 ya koma 1080x1920. Amma dubi bayan ekaran ɗin tukuna, in da ramukan ƙusa huɗu na ɗaura ƙafa, waɗanda ake kira VESA, tsakaninsu milimita 75 ko 100, sai ka samo ƙafa mai juyawa. Kar ka jingina shi da bango ka tokare da littattafai, wanga aiki na sha ganin ƙarshenshi a shago.

Ba'adare: Ni daga Tawa na gwada, ban ji daɗi ba. Wasanni da yawa tsawon gani suke riƙewa su yanke gefe, wato in sama da ƙasa digiri 60 ne, a kwance kana samun wajen 90 na faɗi, a tsaye kuwa sai ya koma wajen 36. Kamar mai leƙe ta ƙofar zaure. Layin dogo miƙaƙƙe lafiya lau, har ka ga wayoyin sama da burki tare, amma da ka shiga kwana ko ka iso gar, dandamali ya ɓace, allon iyakar gudu na gefen hanya sai ka zo kanshi kake ganinshi. In ka buɗe kamara da yawa kuma komai ya ƙanƙance.

Hajiyar Dosso: Ikon Allah, mu da anka shimfiɗa mana dogo daga Yamai tun 2016 ba mu ga jirgi na jigila ba, ku kuna nan kuna tuƙi cikin ɗaki. Allah ya ba da sa'a ɗana.

Mai gyara, Katako: Hajiya ai da babu gara ba daɗi. Ƙanena na manta, tsohon nan in fuskarshi irin da ake kira TN ce, da ka juya shi gefe guda zai yi duhu guda ya yi fari, mai fuska irin IPS ne ke jure juyi. Ni dai da babban zan bari a kwance don wasa, tsohon a tsaye gefe, ka sa jadawalin tashoshi da taswira da littafin jirgi, rubutu bai damu da launi ba. Ka sa wasan a taga marar baki don kar ya ɓuya in ka taɓa ɗayan.

Ɗan Yantala: Na gode ƙwarai manya. Na duba, ramukan na nan, amma tebur ɗina santi 80 ne, babban ya ci 53, tsohon ya kusa cinye sauran, ban san inda bafal za su zamna ba. Bari kuran ya dawo in gwada.