Ciwo da bashi: musayar baiti a kan su Tyson da Gazza

Baffa Mai Shayi:

Salamu alaikum ma'abota baiti. Tun da ɗan damben Amurka Mike Tyson ya koma fage a Nuwamba 2024, yana da shekara 58, ya kara da Jake Paul ɗan 27, yaran rumfata ba su bar gardama ba. Jiya ma saura kaɗan su kifar min da tukunyar ruwan zafi. Ga nawa. Wanda ya ga na yi son kai, ya ɗauko alƙalaminsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da ƙarfi, Mai karɓewa.

Na kalli Tyson a tsakar fage,
Zaki ya tsufa, yana lallaɓawa.

Turmi takwas ya yi da ƙyar a tsaye,
Zuciya na so, gwiwa na ƙiyawa.

Samarin rumfa suna ta ihu,
Ni ko idona ruwa yake kawowa.

Na tuna yaron titin Buruklin,
Uba ya gudu, babu mai tsawatawa.

Yana sha shida uwa ta rasu,
Tattabaru ne abokan shaƙuwa.

Tsoho D'Amato da ya riƙe shi,
A 1985 ya yi tafiyar rashin dawowa.

Shekara ta zagayo ya ɗau kambin duniya,
Ɗan ashirin, maza na zubewa.

Kuɗi suka zo kamar ruwan Agusta,
Maroƙa da 'yan kore na kewayawa.

Hodar Iblis da giya suka kama shi,
Da bakinsa ya faɗa, babu ɓoyewa.

Kan da ya sha naushi, zuciya da tabo,
Ku ce mini yaya za ya yi nutsuwa?

Ni dai tausayi nake roƙa masa,
Majinyaci ai sai rarrasawa.

Yaya Bilki:

Baffa, baitinka ya yi daɗi, amma ka tsallake shekara guda kamar mai tsallake kwata. Bari in cike maka gurbin.

Baffa, ka ƙirga har tattabaru,
Ka bar yarinya, ka mance da ita.

Yuli 1991, a Indiyanafolis,
Ɗakin otal, sha takwas shekarunta.

Kotu ta zauna, ta ji, ta auna,
Ta ce fyaɗe ne aka yi mata.

Shekara shida alƙali ya yanka,
Uku ya yi, ƙofa ta buɗe, ya fita.

Shi dai har gobe yana musantawa,
Ya ɗaukaka ƙara, aka watsar da ita.

Ya fito ana ta kiɗa da tafi,
Kuɗi na jiransa tun kan ya huta.

Ita ko wa ya buga mata ganga?
Wa ya tambayi barcin darenta?

Maraya ne, na ji, Allah ya ji ƙan uwa,
Maraicinsa ne zai share hawayenta?

Ku ji tausayinsa, ban hana ku ba,
Amma a fara da wadda aka cuta.

Baffa Mai Shayi:

Na karɓi gyara, ƙanwata. Amma ki auna wannan.

A 1997 ya gatsa kunnen Holyfield,
Duniya na kallo, ana ɗaukawa.

Mai cikakken hankali zai ciji mutum
Gaban alƙalin wasa, ya yi tofarwa?

Dala miliyan uku aka ci shi tara,
Lasisin damben aka yi ƙwacewa.

A 2009 suka haɗu a talabijin,
Mai kunnen ya ce ya yi yafewa.

Yaya Bilki:

Mai kunne ya yafe kunnensa, Baffa,
Ba shi da ikon yafe nata.

Auwalu Ɗan Gunners:

Kai, Yaya Bilki ta yi kisa a turmin farko! Ku bar dambe haka nan, ku zo filin ƙwallo. Mutum biyu zan kawo, 'yan Ingila, tsara ɗaya, har rigar ƙasa sun sa tare: Paul Gascoigne da ake kira Gazza, da Tony Adams, tsohon kyaftin ɗin ƙungiyarmu Arsenal.

Gazza ya yi kuka a Italiya,
A 1990, gaban duniya,
Ingila ta ɗauke shi a zuciya,
Har yau ba ta yarda ta sauke shi ƙasa.

Yana ɗan goma, a bakin hanya,
Mota ta kashe ƙanin abokin tafiya,
Tun ran nan bai sake zama lafiya,
Abin na nan daram a kansa.

Giya ta zame masa abokiyar hira,
Ya shiga asibiti, ya fito, ya ƙara,
A 2008 abin ya gagara,
Aka tsare shi don ceton ransa.

Amma a 1996, shekarar aure,
Jarida ta nuna fuska a kumbure,
Hannun amarya ga shi a ɗaure,
Mai dukan ya amsa da bakinsa.

Makonni kaɗan koci ya kira shi,
Ƙungiyoyin mata suka ce a bar shi,
Aka nuna ƙasa na buƙatar shi,
Ya zura riga ya fita wasa.

Ga Tony Adams, kyaftin ɗinmu,
A 1990, abin kunyarmu,
Ya sha ya ja mota, sai ya kamu,
Katangar mutane ya je ya rusa.

Wata huɗu alƙali ya ba shi,
Ya yi rabi aka sallame shi,
Ya koma wa kwalba, ta sake cin shi,
Sai 1996 ya tona kansa.

Ya faɗi ciwonsa gaban duniya,
Ya ajiye kwalba, ya kama hanya,
A 2000 ya kafa gidan jinya,
Sporting Chance, domin 'yan wasa.

Kwalba guda ce, mutum biyu ne,
Wanne za a ce majinyaci ne?
Wanne za a ce mai laifi ne?
Malam Sidi, a ba mu amsa.

Malam Sidi:

Auwalu, ka jefo ni ruwa ban tuɓe ba. Abin da na karanta a gaban malamaina shi zan faɗa.

Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami
Ga mutum uku, ban ƙara ɗaya ba:

Mai barci har ya farka, da yaro
Da bai kai munzalin balaga ba,

Da wanda hankalinsa ya gushe,
Muddin bai dawo hayyacinsa ba.

Ku duba da kyau cikin ukun nan,
Ba a ambaci mai maye ba.

A Muwaɗɗa, Marwanu ya yi wasiƙa
Ga Mu'awiya, bai yanke shi kaɗai ba.

Mahaukaci ya yi kisa, me za a yi?
Aka ce a tsare shi, ba ƙisasi ba.

Da aka kawo wanda ya kashe a buge,
Amsar da ta zo ba irin ta farko ba.

Aka ce a kashe shi da wanda ya kashe,
Shi ya kai kansa, ba a kai shi ba.

Shi ma wanda aka ɗage wa zunubin,
Jinin da ya zubar bai tafi a banza ba.

Diyya na kan danginsa su tara,
Ba a sallami marayu da ban haƙuri ba.

In ya fasa tulu a biya a dukiyarsa,
Taɓuwar kansa ba ta ɗinke tulun ba.

Don haka mutanenka biyu, Auwalu,
Ban cire ko ɗaya daga sahu biyun ba.

A kai su asibiti, haƙƙinsu ne,
Takardar likita ba rasit ce ta biya ba.

Auwalu Ɗan Gunners:

Malam, likita ya ce jaraba ciwo ce,
Ba marmari ke kai shi ba, tilas ce,
In ya bari jiki ya yi rawa, azaba ce,
Yaya za a ce shi ya kai kansa?

Malam Sidi:

Na yarda kofi na dubu tilas ne,
Na farkon dai ba ɗura aka yi masa ba.

Wanda ya san in ya sha yana duka,
Me ya zaunar da shi bai nemi magani ba?

Ko can Turai ana miƙa makullin mota
Tun kafin a kai ga buɗe kwalba.

Inna Nas:

Shekara 19 ina aikin jinya a ɓangaren masu taɓin hankali. Akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya tun farkon zancen nan, kuma har da kai, Baffa.

Kuna haɗa ciwo da mugunta,
Kamar ciki ɗaya ya haife su.

Majinyatan da nake wa allura,
Akasari su ake duka a gidajensu.

Na ga sawun mari a ƙafafun samari,
'Yan'uwansu ne suka ɗaure su.

Robert Enke, golan Jamus,
Hannover ce ƙungiyarsu.

Ya ɓoye ciwon damuwa shekaru,
Shi da matarsa, a tsakaninsu,

Don tsoron kar hukuma ta sani
Ta karɓe 'yar riƙo daga hannunsu.

Nuwamba 2009 ya kashe kansa,
Ɗan 32, ya bar su da kukansu.

Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna,
A 1994 Bulgeriya ta ji shi a ragarsu.

Ƙwallo 37 ya ci wa ƙasar nan,
Har yau maza na bin sawu da gudunsu.

Ƙarshensa a Ibadan, a kaɗaice,
Jaridu na raɗe-raɗin ciwo a shafukansu.

Mayu 2012 ya bar duniya,
Masu tafin da, ina labarinsu?

Su biyun nan wa suka mara?
Wa suka taka da motocinsu?

Duk ran da tauraro ya yi ɓarna,
Aka ce kai ne, a sassauta musu,

Majinyatana ke biyan kuɗin:
A fasa aurensu, a tashe su a hayarsu.

Uwa ta ɓoye ɗanta a ƙuryar ɗaki
Don kar unguwa ta ji tsoronsu.

Bahagon Kurna:

Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba. Ni ba mawaƙi ba ne, ɗan dambe ne da ya ajiye zare. In baitin ya karye ku yi haƙuri.

Shekara tara ina shiga fage,
Da zare naɗe a hannun haguna.

Tun ana ba ni ƙwaya don ciwon kafaɗa,
Har ta zama ita ce karin kumallona.

Tramol biyu cikin shayi da asuba,
Kafin la'asar huɗu na cikina.

In kalangu ya tashi ba na jin naushi,
In ya yi shiru ba na jin iyayena.

Ƙanina ke riƙe min ruwa a gefe,
Shi ke kwance zaren bayan wasana.

Ran wata Laraba ya kwashe ƙwayar,
Ya zuba a masai don ceton raina.

Na dawo na laluba ƙarƙashin katifa,
Ya ce, "Yaya, ni ne," yana kallona.

Hannun da nake kashe maza da shi,
Shi na sauke a kunnen ƙanina.

Bai yi kuka ba, ya dafe ya zauna,
Jini na ɗiga a kan takalmina.

Likita ya ce na dama ya tafi ke nan,
Dama ce ke fuskantar haguna.

Inna ta ce wa dangi iska ce,
Abokai suka ce ƙwaya ta ja hannuna.

Na so in yarda, don ya fi sauƙi,
Wata uku ina lallashin kaina.

Amma na tuna na auna kafin in kai,
Na zaɓi gurbi kamar a turmina.

Ƙwaya ba ta san inda kunne yake ba,
Ni na koye shi wurin ubangidana.

Wata biyu na yi a gadon asibiti,
Ina rawar ɗari, gumi na jiƙa mayafina.

Inna Nas, ciwo ne, na sha shi na sani,
Yaya Bilki kuma ta faɗi laifina.

Shekara shida yau ban haɗiya ba,
Ina tura baro a kasuwa da ƙarfina.

Kuɗin makarantarsa ni ke biya,
Ba kyauta ba ce, bashi ne a wuyana.

Ya ce ya yafe tun yana jinya,
Bai taɓa tayar da shi ba a gabana.

Amma in na yi magana ta damansa,
Sai ya juyo da hagu ya ji zancena.

Sau goma a yini yake juyowa,
Sau goma a yini nake ganin aikina.

Yaya Bilki:

Ba ni da baitin da zan ɗora a kan wannan. Bahago, ka gaida min ƙanin naka da kyau.

Baffa Mai Shayi:

Bahago, gobe ku zo rumfa ku biyu,
Shayi da burodi, babu biyawa.

Zan ja benci in zauna ta hagunsa,
Ya sha da zafinsa ba juyawa.