Muhawara: a kai yaran gidan marayu ko a riƙe uwarsu cikin unguwa?

Baban Ummi (Sakatare): Salamu alaikum jama'a. Kan maganar baiwar Allah nan da ta zo daga wajen Sabon Birni, wadda 'yan bindiga sunka kashe ma miji. Ɗiya huɗu gare ta, mai gida ya ba ta notis ƙarshen wata, manyan biyu kuma an fara ganinsu suna bara wajen Gawon Nama. Injiniya ya ce a rubuta ma ma'aikatar mata da yara a kai ƙananan gidan marayu ita ta samu ta yi aikatau. Ni kuma na ce a taɓa asusun unguwa a biya mata haya a ba ta jari, ɗiya su zauna gun uwarsu. Na biyu, ina son ta zama doka gare mu, unguwa ta riƙa kashe wutarta da kanta ba sai hukuma ta ji ba. Kuma na faɗi na ƙara, raba yaro da uwatai don talauci kawai zalunci ne, ko da kyakkyawar niyya anka yi shi. Kowa ya tofa albarkacin bakinai.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Sakatare kalmar zalunci ta yi nauyi fa. Ni ban ce a ƙwace ma kowa ɗa ba. Abin da nike gudu shi ne halinmu da munka sani, za mu yi zafi sati biyu, a tara kuɗi a ɗauki hoto, bayan wata ukku ka nemi kwamiti ka rasa. Bara waccan ba mun ba wata jarin ƙosai ba? yaronta ya kwanta zazzaɓi jarin ya tahi a kemis, yau ina take? Tun da anka cire tallafin mai a 2023 wa ke da rarar da zai riƙe gidan wani shekara guda? Gidan marayu ko ba komi akwai tuwo akwai makaranta akwai katanga.

Ɗan Mabera: Injiniya ya faɗi gaskiya kan hoton nan wallahi 😂 har yau ina da shi a waya, kowa ya sha babbar riga

Maman Sadik: Yaya Injiniya ina gaisuwa, amma bari in gaya maka abin da ku maza ba ku gani daga ƙofar gida. Lokacin da aurena ya mutu ina da ɗiya ukku, uban bai ƙara aiko ko sabulu ba, da na yi maganar ciyarwa sai ya ce in ba shi babban, na ba shi don ban da yadda zan yi, ashe tura shi zai yi almajiranci don ya huta da kuɗin abinci, sai da na yi wata bakwai ban san garin da yaro yake ba. Abin da ya tsaida ni da sauran biyun ba wani babban abu ba ne, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta bar min ɗaki kyauta, matan layi sunka sa ni adashi sunka ba ni kwasar farko na sayi injin markaɗe. Shi ke nan. Da a lokacin wani ya zo da takarda ya ce in kawo su gidan marayu wallahi da na sa hannu don yunwa, kuma da har yau ina kukan abin. Wagga mata ba ɗiyanta sunka yi mata yawa ba, haya ta yi mata yawa.

Baban Ummi (Sakatare): Allah shi saka Maman Sadik. Abin da nike ta faɗi ke nan.

Anti Nas: Sakatare dakata kar ka yi saurin murna. Kan wagga mata ina bayanku ɗari bisa ɗari. Amma maganarka ta biyu da kake son ta zama doka, wai unguwa ta riƙa kashe wutarta da kanta ba sai hukuma ta ji ba, nan ne ban yarda ba. Ni ke wanke ciwon. An taɓa kawo muna yarinya asibiti ba ta fi shekara shida ba, kishiyar uwa ta ƙona mata hannu, da munka bincika ashe layin duka sun daɗe da sani, har an yi sulhu sau biyu a zaure, kowane karo a ce a rufa asiri gidan mutunci ne. Asirin wa anka rufa? na babba. Yarinyar kuma ta koma ɗakin da anka ƙona ta. Balle maganar fyaɗe, in mai laifin ɗan gida ne ko mai hali, kun san yadda ake ƙarewa, a kira dattawa a ba da haƙuri a ce kar a ɓata ma yarinya suna.

Ɗan Mabera: Innalillahi. Wanga kam ba sulhu ba ne

Anti Nas: To shi ya sa. Jihar nan ta Sakkwato tana da dokar kare yara tun 2021 lokacin Tambuwal, ita ta tarayya tun 2003 take. Ba don ado anka yi su ba.

Malam Ƙarami: Bismillah. Ina ganin Sakatare da Anti kowa ya kama gefe ɗaya na tabarma guda. A mazhabarmu ta Malikiyya reno haƙƙin uwa ne, in ta faɗi sai kaka ta wajen uwa, haka ake bi cikin dangi, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. Ciyarwa kuma tana kan uba ko da ya saki uwar, don haka abin da anka yi ma Maman Sadik ba addini ba ne, gudun nauyi ne. Talaucin uwa ba ya cikin abin da ke zubar da haƙƙin reno. Amma rashin amana yana ciki, in wurin babu aminci ga yaro alƙali na da ikon ɗauke shi ya ba wani. Kun ga ke nan yunwa daban cuta daban. Sannan aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta ce in an ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata a tada mai sulhu daga danginai da mai sulhu daga danginta, tun ana jin tsoro fa, ba bayan an watso kaya waje ba. Mu sai takarda ta fito muke taruwa.

Injiniya: Malam na ji, Allah shi ƙara sani. Amma dangin nan da ake lissafawa suna ina? Garinsu an watse, kakar ma ƙila tana wani kango tana neman mai ba ta. Littafi ya ce kaka, ƙasa ta ce babu.

Dakta: Salam, ku yi haƙuri yanzu na tashi, nan Amurka safiya ce. Injiniya abin da kake nema su nan sun yi shi har sun gaji. Hukumar kare yara tana da ƙarfin shiga gida ta ɗauke yaro, kuma mafi yawan ƙarar da ake kaiwa ba ta duka ba ce, ta sakaci ce, sau da yawa in ka tona sai ka tarar talauci ne ko shaye-shaye a ƙasa. A 2018 suka yi dokar da ta ba da damar kashe kuɗin tarayya tun yaro yana gidansu, a yi wa iyaye maganin shaye-shaye ko na taɓin hankali, a koya musu tarbiyya a cikin gida, maimakon a jira sai an ɗauke shi sannan kuɗi ya fito. Ruwanda ma tun 2012 ta kama hanyar rufe gidajen marayu tana mayar da yara cikin iyali, don da aka duba da yawansu suna da uwa ko uba ko dangi a raye. Masu kuɗin gina katangar ma suna komawa abin da kakanninmu ke yi na riƙo.

Injiniya: Dakta su suna da albashin ma'aikacin da zai riƙa zagayawa yana dubawa. Mu wa zai duba? Kuma riƙon da kake yabo, ba a nan ake mayar da ɗiyar riƙo 'yar talla ba?

Dakta: Wannan kam ka kama ni, ana yi.

Baban Ummi (Sakatare): Injiniya in gini ne ke maganin abin ai da mun warke. Jonathan da kansa ya zo Gagi a 2012 ya buɗe makarantar almajirai, a 2020 lokacin korona gwamnoni sunka yi ta lodin almajirai a mota ana mayar da su jihohinsu, a 2023 an kafa hukumar almajirai da yaran da ba su makaranta ta ƙasa. Fita Kara ko tashar Illela da safe ka ƙirga robobi. Ana kwashewa daga titi amma gidan da ke turo su yana nan yadda yake.

Hajiya Inno: Ɗiyana ku saurara, jikata ke rubuta min. Duk kun yi ta magana tun la'asar, cikinku wa ya taka ya tambayi matar mi take so? Ni na je jiya. Ta iya ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, abin da take yi ke nan can gida, ba ƙosai ba, kar ku sake saya ma mutum sana'ar da bai iya ba kamar waccan. Kuma ta ce ko za ta kwana kasuwa ba ta ba da ɗa. Mai dubawa da Injiniya ke tambaya kuma mu ne. Mace ta san gidan da ba a hura wuta ba tun kafin liman ya ji. Nan garin Nana Asma'u ta tura jajjai, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna shiga gidaje suna karantar da mata, ƙungiyar tasu ta 'yan taru ba ofis gare ta ba. Ku ba mu mata ukku cikin kwamitin ku gani.

Maman Sadik: Inna ki sa sunana na farko.

Anti Nas: Ni ma, amma da sharaɗi a rubuce. Duk gidan da munka ga ƙuna ko karaya ko an taɓa yarinya, babu zaure babu a rufa asiri, asibiti da hukuma kai tsaye ko ɗan wane ne. In ba a yarda da wanga ba ku cire ni.

Malam Ƙarami: Na yarda, kuma ni zan faɗa ma mai unguwa da bakina. Sakatare ka rubuta takarda zuwa Hukumar Zakka da Wakafi, gwauruwa mai marayu ai tana cikin masu haƙƙi, kar asusunmu shi kaɗai ya ɗauka.

Injiniya: To ni har yanzu ina da shakka, kuma Sakatare bai janye kalmar zalunci ba ina lura. Zan biya hayar wata ukku daga aljihuna, ba a hannunta ba, a hannun mai gida, da rasit. Amma a rubuta cikin minit, in wata ukku ya cika yaran nan na Gawon Nama da roba za mu dawo kan maganata.

Baban Ummi (Sakatare): An rubuta. Kalmar kuma sai wata ukkun ya cika mu ga mai janyewa. Gobe bayan isha'i ƙofar gidan mai unguwa, Ɗan Mabera kai za ka kai manyan biyu firamare ranar Litinin ka ji abin da hedimasta zai ce kan yunifom.

Ɗan Mabera: Ba matsala, amma wa zai sa min mai a mashin?